Kwalaye Biyu na Yaya Wajma

Zuwa ga Gwaggona Bibigul,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uwarsa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baffa Mirwais da yaran gida duka a can Melbourne. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ƙara wa Baffa haƙurin zama da ke, don duk dangi mun san wanda ya fi shan wuya a gidan. Mu nan Jamus sanyi ya kama. Mama ta samu sauƙi, tana hawa bene da ƙafarta, har ta koma faɗa da maƙwabciyarmu Frau Kessler a kan kwandon da ake zuba kwalba. Ni ina nan shagon gyaran kekuna, hannu baƙi ƙirin kullum. Ki yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da malam ya koya mana a masallacin ƙauye ke nan. Na ƙi kiran ki a waya ne don na san halina: zan fara tsokana, ki yi dariya, in kashe wayar ban faɗi abin da ya sa na kira ba.

Gwaggo, digirin Yaya Wajma ya lalace, kuma ni na lalata shi.

Kin san shekara bakwai ke nan tana rubuta littafin digirinta na dokta a kan wasiƙun wasu matan Jamus da suka mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, masu rubutu kamar tafiyar kiyashi, wanda su Jamusawan ma ba sa iya karantawa. Ita ba ta tara bayani a kwamfuta, a ƙananan katuna take yi. Kwalin takalmi biyu gare ta, baƙi da ja. Baƙin na maganganun malaman da ta kwafo daga littattafai ne, kowane malami da sunansa a wani dogon kati da ke gaban nasa. Jan kuma na tunaninta ne ita kanta. Katunan dai iri ɗaya ne, hannu ɗaya, biro ɗaya, kwalin ne kawai ke faɗa mata maganar waye. Shekara uku da suka wuce, ranar wata Asabar, ta ce da ni a gaban baƙi wai kada in kusanci teburinta, tunda ko sunan tashar mota ba na iya karantawa sai na haɗa baƙaƙe kamar ɗan koyo a allo. Aka yi dariya, har da ni. Da ta fita sayen burodi na ɗebi katuna daga baƙin kwali na watsa su cikin jan. Na zauna ina jiran ta dawo ta gane, ta bi ni da tsintsiya, in kwashe mata su a wuce wurin, kamar ranar da na zuba mata gishiri a koren shayi. Kafin ta dawo Mama ta faɗi a banɗaki. Wata biyu muka yi muna zaryar asibiti. Wallahi Gwaggo, mantawa na yi, kamar ban taɓa yi ba.

A watan jiya ta miƙa littafin. Aka ajiye shi mako biyu a ofishin tsangayarsu ta jami'a kamar yadda ake yi wa kowa, duk farfesan da ya so ya duba. Ba mai dubawa yawanci. Sai ga wani tsoho, Farfesa Eberlein, wanda ya yi ritaya amma ya kasa zaman gida, ya zauna ya karanta shafi ɗari huɗu tas. A tsakiya ya ci karo da maganar malaminsa da ya rasu, kalma da kalma, ba suna, ba alamar an aro. Ya ci gaba da tono. Abokan aikinta sun riga sun haɗa mata hular kwali da ake sa wa sabon dokta, sun manna mata hotuna har da na tukunyar shinkafar Mama, sai ga takarda daga kwamiti cewa ana tuhumarta da satar rubutu.

Kwana huɗu ina ganin tana zaune tana juya shafuka tana cewa ba ta gane ba, ita ta san ba ta yi ba. Ran na biyar ina cikin ɗaure tayar keke abin ya faɗo mini. Na same ta a kicin da la'asar tana murza ƙullun bolani, wainar fulawar nan tamu ta gida, na faɗa mata duka. Na so ta mare ni. Ba ta ko ajiye muciyar murzawar ba, ta tambaye ni kati nawa na ɗiba. Na ce za su kai ashirin. Ta ce goma sha huɗu suka samu, ke nan akwai shida da ke cikin littafin har yanzu, kuma ita kanta ba ta san waɗanne ba ne. Sannan ta ce in daina kuka kamar ɗan akuya, ba ni ne na fi ba ta haushi ba. Wai akwai wata jimla a cikin goma sha huɗun da ta fi so a duk littafin, har ta taɓa fassara wa Mama ita tana alfahari, ashe ta wani mutum ce da ya mutu kafin a haife ta. Ta ce wanda ya kasa bambanta muryarsa da ta wani, me zai koya wa ɗalibai.

Ran Laraba na sa rigar sallata na tafi wurin Farfesa Lindhorst, wadda ke duba aikinta, wadda suke kira uwar digirinta. Na bi layi da ɗalibai a bakin ƙofa, kwalayen biyu a hannuna, suna kallo na kamar mai tallar takalmi. Na yi mata bayani da Jamusancina na gareji. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta ce ta yarda da ni, don shekara talatin tana jin ƙarairayin ɗalibai ba ta taɓa jin wanda ya ƙirƙiro wauta irin wannan ba. Amma ta kira ni da sunan gidanmu ta ce, Herr Nurzai, yayarka ta sa hannu cewa duk maganar da ba tata ba ta nuna mai ita, kuma kwamiti takarda yake karantawa, ba ya karanta ƙanne. Ta yi alkawarin faɗa musu, kuma ta faɗa. Amfanin da hakan ya yi wa Yaya shi ne ba su rubuta cewa da gangan ta yi ba. Littafin dai sun ƙi karɓa. Aikin koyarwar da take yi a sashen zai ƙare ƙarshen Maris, ba sabuntawa.

Mama tana ta gaya wa matan masallaci cewa ɗage jarrabawar aka yi. Yaya kuwa tana tashi, ta yi salla, ta je aji, ta dawo. Ba ta zage ni ko sau ɗaya ba tun ranar. Da can ba ta kira na sai da jaki ko ɗan banza, yanzu don Allah Zalmai, na gode Zalmai, kamar ɗan haya. Na fi son tsintsiyar.

Mama ta ce kin riga kin sayi tikitin zuwa walimar digirin, har kin ɗinka mata koren kaya. Gwaggo, walima babu, amma ina roƙon ki kada ki fasa zuwa. Ke kika goya ta kika tsallaka iyakar ƙasarmu da ita tana ƙarama, a gabanki kaɗai take iya kuka. Ki bar kayan a gida. Kada ki roƙa mini gafara, ban kai nan ba tukuna, kuma ki gaya wa mutanenku su daina kiran ta dokta in sun bugo.

Ki gaida Baffa Mirwais, da Torpekai da mijinta, da Spojmai mai sabon jariri, Allah ya raya. Ki gaida ƙaramin Baryalai, ki ce masa dabarar da na koya masa a waya ta ɓoye wa yayarsa littafin makaranta, kada ya yi.

Ɗanki,
Zalmai