Wayata a Ƙirjin Mai Dankali

Litinin, 6 ga Janairu
Yau ma wayata ta mutu. Muna tsakiyar rawar safe a filin bakin kogi, kowace mace ta ɗaga maficinta sama, sai kiɗan da take tura wa lasifika ya ɗauke ɗif. Alhali cike na fito da ita daga gida. Sanyin garinmu Jiamusi, nan arewacin China, shi ne ba ta so. Ina mayar da ita ɗaki ta farfaɗo, tana nuna mini kashi saba'in kamar ba ita ta yi ba. Munafuka.

Yaya Guilan, shugabarmu, ta ce, "Shufen, in wayar nan taki ta ci gaba da yi mana haka kafin bikin fitilu, kiɗa zai koma hannun Lirong."

Gaskiya ni ban iya rawa ba, kowa ya sani. Albarkacin kiɗan nan ake haƙuri da ƙafafuna. In aka karɓe shi, ɗaki zan koma, ni da talabijin, yadda na zauna bayan rasuwar maigidana, baban ɗana Zhenyu. Wannan zaman nake tsoro.

Laraba, 8 ga Janairu
Na sa mata safar ulu biyu. Ta mutu a cikin safa.

Alhamis, 9 ga Janairu
Na cusa ta a hammata. Ta yi waƙa guda lafiya lau, ina yin juyi ta silale ta ƙasan riga ta faɗa cikin ƙanƙara. Lirong ta yi dariya har hawaye ya daskare mata a gashin ido. Allah ya ƙara.

Asabar, 11 ga Janairu
Akwai Tsoho Tong, mai gasa dankali cikin duro a ƙofar filin. Ashe duk kwanakin nan kallonmu yake. Ya kira ni, "Ƙanwata, kawo in ɗumama miki ita." Ya ɗora ta a kan murfin duro. Ba a jima ba ta rubuta wai ta yi zafi da yawa, ta kashe kanta.

Ya ce, "Sanyi ba ta so, zafi ba ta so. Wannan ai marigayiya surukata ce ta dawo."

Da ta huce sai ya buɗe rigarsa ta auduga ya zura ta a aljihun ciki, daidai ƙirji. Nan ta zauna lafiya. Sai dai in ta yi nisa da lasifika kiɗan yankewa yake, dole ya turo amalankensa har gefenmu. Mun yi rawa tun daga farko har ƙarshe!

Talata, 14 ga Janairu
Ba ta mutu ba. In ya miƙo mini ita da ɗuminta take zuwa, tana ƙamshin dankali.

Jumma'a, 24 ga Janairu
Yanzu kullum haka ne. In zo, in miƙa, ya zura. In ana son a canza waƙa sai in yi ihu, "Yaya Tong, gaba!" ya sa hannu cikin riga kamar mai sosa ƙirji. Matan sun fara kiransa batirin Shufen. Na ce su kama bakinsu, mutum ne mai jikoki.

Na kai masa dafaffen kabeji mai tsami da naman da ya rage. Ragowa ce, da zubarwa zan yi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu
Abin kunya. Zhenyu ya kira ta bidiyo daga birnin Shenzhen muna cikin rawa, duk filin ya ɗauki ƙarar. Tsohon ya zaro ta da nufin kashewa, ya danna amsa. Sai ga muryar ɗana a lasifika: "Mama? Wane ne wannan mai gashin baki?"

Tsohon ya ce, "Ni ne mai riƙon batir, ɗana."

Mata suka zube da dariya. Da na koma gida na yi bayani har na gaji. Zhenyu ya ce zai aiko mini da sabuwa, irin wadda sanyi ba ya kashewa. Na ce ya kyauta.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Bikin fitilu. Sanyi kamar zai tsaga haƙori, jama'a kuwa maƙil. Aka jinkirta mu, masu ganga suka ƙi sauka daga dandali, ina ta leƙen fuskar Yaya Tong. Ya ɗaga mini yatsu, kashi tara ya rage.

Da aka kira mu sai ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu ya ƙame a gefen lasifika. Masu saye suna ta magana, ko waiwaye bai yi ba. Muka yi waƙa uku cif, na taka ƙafar Lirong sau ɗaya kawai. Ana fara tafi ta mutu. Dankalinsa duk ya ƙone, ya ce dama yau bai yi zaƙi ba.

Yaya Guilan ta dafa ni ta ce, "Kiɗa naki ne." Na ji daɗi har na kusa kuka.

Sai ta ƙara da cewa, "Na ji ɗanki zai aiko da sabuwa, tana isowa mai dankali ya koma ƙofa, hayaƙinsa ya baƙanta mana mafitai."

Asabar, 15 ga Fabrairu
Sabuwar ta iso. Siririya, mai sheƙi. Na yi mata caji na ajiye ta a waje bakin taga wuni guda don gwaji. Kashi biyu kawai ta ci. 'Yar banza.

Litinin, 17 ga Fabrairu
Yaya Guilan ta tambaye ni labarin sabuwar waya. Na ce tana hanya, masu kawo kaya ba su gama dawowa daga hutun sabuwar shekara ba. Ta dube ni ta dube ni, ta gyara maficinta, ta ce, "Ai hanyar Shenzhen da nisa."

Tana cikin kwalinta a ƙasan kabad. Ba wani abu ba ne, maɓallanta ne ban gane ba tukuna, kuma tsohuwar ba ta yi mini laifin komai ba.

Na miƙa masa tsohuwar. Tun kafin in ƙaraso ya riga ya buɗe rigar.