Ni na rubuta wasiƙar da ta sauke mijina daga mota

Assalamu alaikum Anti, da duk mai karanta shafin nan. Don Allah ku ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, ni kaina na riga na yanke wa kaina.

A Garwa nake, unguwar Poumpoumré, shekarata goma sha tara da aure. Maigidana direba ne, amma ba na buhunan masara ba. Shi yake ɗauko manyan injinan gyaran hanya da tiransifomar wuta daga kudu, irin kayan da faɗinsu ya fi na motar kanta. Ba sa tafiya sai da rana, sannu sannu, ƙaramar mota mai jan tuta a gaba tana kauce da mutane. Mai wannan ƙaramar motar amininsa ne, bari in kira shi Buba. Ta rediyon hannu yake gaya masa ga gada, ga waya ta yi ƙasa, matsa dama. Tafiya ɗaya takan ci wata guda. Haihuwata huɗu, ɗaya kawai ta same shi a gari, ban taɓa cewa uffan ba.

Bara na fara lura. Yana zuba shayi sai ya zuba gefen kofi. Kafaɗarsa ta hagu kullum sai ta bugi ƙofa. Na ce, "Baban Aisha, idon nan naka lafiya?" Ya ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki." Ran nan ya dawo daga tafiya, ina shara a bayan taga, na ji su da Buba a zaure. Ashe a garin Ngong, ranar kasuwa, bakin kayan ya kwashe rumfar wata mai gyaɗa ta hagu, Allah ya taimaka, ta tashi ba da canji. Buba yana cewa, "Wallahi na yi ta ihu a rediyo, ba ka gan ta ba ne?" Shi kuma yana dariya, wai, "To amfaninka mene ne? Kai ne idona na hagu. Ni da kai kaɗai muka sani, a bar shi a nan."

Kwana uku ina juya maganar. In jira sai ya take 'yar wani? In jira a kawo min shi a ƙunshe daga gangaren dutsen Ngawundere? Na yagi takarda a littafin Aisha, na rubuta wa kamfaninsu layi biyar da Faransanci, ba sa hannu, na ce su duba idon direba wane. Suka kira shi gwaji, likita ya ce idon hagu ya kusa tafiya. Yanzu mai gadin ƙofar gareji ne, yana buɗe wa yaran da ya koya wa tuƙi.

An nuna masa wasiƙar. Ya shigo gida yana huci, ya ce, "Buba ne! Wa ya sani in ba shi ba? Kuma dubi Faransancin, na wanda ya yi makaranta ne." Ina tsaye a gabansa, Anti. Ni da na yi sakandare, ni da nake duba wa 'ya'yansa darasi kullum. Ko a ransa bai kawo ni ba. Na yi hamdala da na tsira, sannan haushi ya kama ni. Shekara goma sha tara, mutumin nan bai san na iya riƙe biro ba?

Na yi shiru, kuma shirun nan ne laifina. Direbobi sun sa wa Buba suna mai kai rahoto, babu mai son bin bayan motarsa, rabonsa da tafiya wata uku. Ya zo har ƙofa ya ce min, "Madam, ke kin san ni, ki gaya masa. Mun ci abinci a kwano ɗaya tun ba mu da gemu." Na ce, "Ka yi haƙuri, Malam Buba, Allah zai bayyana gaskiya." Da bakina na faɗa! Kullum bayan sallar asuba maigidana yana ɗaga hannu ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya rubuta, ya waiwayo, in ce amin.

Ban yi nadamar wasiƙar ba, Allah ya sani. Da yau ne ma zan sake rubutawa. Amma jiya limamin unguwa ya aiko, ranar Juma'a zai zaunar da su. Buba zai dafa Alƙur'ani cewa ba shi ba ne, maigidana kuma ya ce shi ma zai dafa cewa duk duniya babu wanda ya san zancen idonsa sai Buba. Har ya ce min, "Ki yi wa liman fura mai kyau."

In na faɗa, na san halinsa, takardata zai ba ni a gaban 'ya'yana. In na yi shiru, zai rantse a kan ƙarya da hannunsa bisa Littafin Allah, ina ɗaki ina ji. Saura kwana uku. Me zan yi?