Hannun Sambo

Illo, Ƙaramar Hukumar Bagudo

Zuwa ga yayana Albashir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kana lafiya kai da iyali a Legas, Allah Ya ƙara rufa asiri. Baba yana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar da ka sani. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, amma wallahi babu mai sha'awar kallonta a gidanmu. Na kasa faɗa maka wannan magana ta waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san man shafawar da Inna, Allah Ya jiƙanta, ta koya mini: man gyaɗa da man kaɗanya, a narka kakin zuma a ciki, a bar shi ya daskare. Ba ya zuba ko an ɗora shi a babur zuwa kasuwar Dole Kaina, kuma masunta har daga Benin suke aiko a saya musu saboda faso da tsagewar hannu. Da ka zo Sallah ka ce ai da irin wannan dabara ce ake daskarar da mai a kamfaninku na bota, har da giris ɗin injuna da magungunan shafawa na asibiti. Yaya, daga ranar kaina ya kumbura, na ɗauki kaina rabin likita.

Mako uku ke nan ƙanenmu Sambo yana gyaran injin ban ruwa a gonar Ɗanmusa, ya zuba fetur injin bai huce ba, wuta ta kama masa hannun dama. Bai nufi asibiti ba, wurina ya zo a guje. Ni kuwa na buɗe robar da nake auna wa masu saye, na sa yatsa na kwaso, na lafta masa, na ɗaure da tsumma. Maman Adetutu mai kemis, maƙwabciyarmu Bayarabiya, ta leƙo ta ce in kwance a ga zurfin ƙunar. Da ta gani ta ce wannan ta wuce fata, man ba mugu ba ne amma ba na irin wannan ciwo ba ne, balle wanda hannaye suka sha shiga. Ta ce a tafi asibiti yau ɗin nan. Ka san bakina. Na ce mata ta je ta sayar da ƙwayoyinta, da wannan man Inna ta rene mu.

Kwana tara ina shafa masa safe da yamma. Saman yana sheƙi, ina ta murna, ashe ƙasan ruɓewa yake. Matarsa Mashkura ce ta fara jin warin, ta zo ƙofata ta faɗa mini. Daga asibitin Bagudo aka tura mu Birnin Kabi. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai tambayi kwana nawa, na faɗa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Talata ya ce gubar tana hawa, in ba a cire hannun daga wuyan hannu ba, ran Sambo ne a kai. Aka tambayi Sambo ko ya yarda. Ya juyo ya dube ni, ya ce wa likita a tambayi Dela, ita ta san magani, abin da ta ce shi za a yi. Kaico, Yaya! Har a kan gadon nan bai daina yarda da ni ba. Da bakina na ce a yanke. An yanke ranar Laraba, ya farfaɗo, yana shan kunu da hagu.

Ga duk mai zuwa dubiya cewa yake wuta ce, ƙaddara ce. Baba ma abin da ya sani ke nan. Ni na san ba wuta kaɗai ba ce, kuma ina so a gidanmu a samu mutum ɗaya da ya sani tare da ni. Don Allah ka nemi izini ka zo. Sambo bakanike ne, ɗiya huɗu gare shi, ban san sana'ar da ake yi da hannu ɗaya ba.

Ka gaida Anti Hamdiyya da Bunyaminu da 'Yar Baba. Baba da Mashkura suna gaishe ku. Sambo ya ce in ce maka kada ka damu, wai ina kula da shi sosai.

Ƙanwarka,
Dela