A Mayar wa Malam Isiyaku Gindin Ɗorawarsa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallacin Juma'a na garinmu, a ƙasar Kuyello.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Alhaji, ina gaisuwa, ina kuma gaida sauran dattawan kwamiti. Ni ne Tanko, manomi, na bayan kasuwa. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Da baki nake faɗa, maƙwabcina tela yana rubutawa, na kuma gargaɗe shi kada ya tausasa mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, ita ce shekarar da Malam Isiyaku ya sauka garin nan. Shi ya ja mu sallah ran nan. Tun daga lokacin, kullum bayan asuba yakan shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawar ƙofar masallaci, ya yi mana wa'azi kafin mu ɗauki fartanya. Yanzu kun yanke cewa kada ya sake zama a wurin, kada kuma ya ja sallar gawa, wai wanda ya kwana gidan yari bai dace ya tsaya gaban jama'a ba. A kan wannan nake magana.

Na ɗaya. Me ya kai shi gidan yarin? Kun sani, amma tunda mantuwa ta yi muku daɗi, bari in tuna muku. Daminar da 'yan bindiga suka tare manoma a gonakin bakin daji, sun kashe mana mutane, cikinsu har da ɗana Haruna. Gawarwaki na kwance cikin masara, babu mai ƙarfin halin zuwa. Malam ya ce ba za a bar Musulmi ga ungulu ba yana da rai. Ya hau babur ya tafi, ya yi wa waɗanda ya samu wanka da sallah, ya rufe su a inda suka faɗi, ya dawo mini da hular Haruna. A komawarsa domin sauran ne jami'an tsaro suka tsare shi a shingen hanya, da farin yadi da sabulu da jarkar ruwa a ɗaure bayan babur, aka ce kaya yake kai wa mutanen daji. Alhaji, wannan yadin likkafani ne. A shagonka aka yanka shi, da almakashinka, kai ka ba da shi sadaka. Ina tsaye a wurin.

Na biyu. Da aka kai shi gaban alƙali, wa ya je daga cikinku? Cewa kuka yi hanya ba kyau. Hanyar nan ni na bi ta da sandata. Na faɗi abin da na gani, aka dube ni aka ga tsoho mai baƙin cikin ɗa, aka tambayi ina manyan garin. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce yadina ne, da bai yi waɗannan shekarun a ɗaure ba.

Na uku. Gwamnati ta yi masa afuwa, ya dawo ƙafafu a kumbure, ido ɗaya ya dushe. Waɗanda ba su san shi ba sun sake shi, ku da kuka san gaskiya ku kuka ci gaba da ɗaure shi. Wai kuna tsoron a sa wa masallaci ido. Kwanan baya da aka yi jana'izar limamin unguwarmu, na ga Malam a can ƙarshen sahun baya, yana lalube da sanda kamar baƙo. Mutumin da ya sallaci matattunmu ranar da dukanmu muka kulle ƙofa! Ran nan ban iya cin tuwo ba.

Sai kuma nawa na kaina. Na tsufa, tafiyata ta kusa. Na gaya wa iyalina hannun da ya wanke Haruna shi zai wanke ni, shi zai tsaya a kaina. Hukuncinku ya tare wannan wasiyya, ni kuwa ba zan canja ta ba.

Abin da nake nema bai da yawa. Ku janye hukuncin nan. Kai kuma, Alhaji, ka miƙe ranar Juma'a bayan an sallame, ka gaya wa jama'a yadin na mene ne, kuma daga ina ya fito. Yaran da suka taso suna nuna shi da baki su ji daga bakinka.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya tun harshe na motsi, ya sa ka samu mai yi maka sutura. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a dajin nan.

Gobe in Allah ya kai mu, da an idar da asuba, zan ɗauko buzun Malam in shimfiɗa shi a gindin ɗorawa, in riƙo hannunsa in zaunar da shi, ni ma in zauna a bakin buzun. Wanda aka aiko ya naɗe shi, sai ya fara ɗaga ni.

Wassalam.

Tanko na bayan kasuwa, mahaifin marigayi Haruna.