Na ƙara wa keke ƙarfi, kindirmo ya lalace

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san keke mai caji, don wallahi kaina ya ɗaure, kowa na tambaya sai ya ƙara rikita ni.

Ni sana'ata ɗaukar nono. Akwai wata ruga a bayan Nahuce, matan rugar sun daina shigowa Gusau da kansu saboda halin da hanya take ciki, kun dai sani ba sai na faɗa ba. To babbarsu, wata dattijuwa da muke kira Inna, ita ta yarda da ni, kowace safiya su tara kindirmonsu a jarkoki in kai wa wata Hajiya mai fura da nono a Gusau. Abin da ma ya sa Inna ta zaɓe ni, kekena ba ya ƙara. Ta ce in suka ji kukan mashin gabansu faɗuwa yake, yara su ruga daji, amma ni sai dai kawai su ga na yi sallama.

Matsalar keken ɗaya ce, injin da ke cikin tayar baya ƙarami ne, wat 350. Da damina ta shigo, in na shiga yashi ko laka da kaya sai in sauka in yi ta turawa, kafin in isa gari rana ta take, nono ya fara tsami, Hajiya ta yi ta mita. Sai na je wurin wani mai gyara a Gusau, ko kallon keken bai yi da kyau ba ya ce in sa inji mai wat dubu, wai ko buhun masara zai ja. Aka sa. Na hau, ban ga wani bambanci ba sai nauyi. Na koma, ya ce ai kwantirola ce, wato 'yar akwatin nan da ke raba wa injin wuta, tawa ƙarama ce ta shaƙe shi. Na ce to me ya hana ka faɗa tun farko, ya ce ai ban tambaya ba. Na haɗiye fushina aka canza ta.

Nan fa bala'in ya fara. Keken da na sani mai ladabi ya koma kamar jakin da aka tsikara, da na taɓa totur sai ya fizge ni, in na saki ya dafe, ga hanya duk ramuka. Ranar farko na isa da wuri ina ta murna, Hajiya ta buɗe jarka ta leƙa, ta tura min in gani. Kindirmon nan mai kauri ya kaɗe tas, ya zama ruwa tsululu, man yana yawo a sama. Ta ce ita kindirmo ta yi oda ba tsala ba, masu sayenta cokali suke sawa. Washegari kuma a tsakiyar hanya batir ya yi zafi ya ɗauke wuta ɗif, na tura keke da kaya har bakin titi, ina gumi ina tsinuwa a zuciyata.

Na koma wurin mai gyara, muka yi kaca-kaca har mutane suka taru. Wai yanzu kuma batir ne, tsohon ba zai iya ciyar da babban inji ba, in sa manya irin na dalmar nan masu nauyi. Na ce a ina zan ɗaura su, ya nuna min kariya. Kariyar da nake ɗora jarkoki! To in batir ya zauna a nan, nonon a kaina zan ɗauko shi?

Wani abokina ya haɗa ni da wani mai gyaran a Tsafe, shi kuma ya ce duk an yi shirme. Wai in cire na wat dubun in sa matsakaici, kamar 500, da kwantirola mai tashi a hankali, da batir ɗin litiyom wanda bolt ɗinsa, wato ƙarfin wutarsa, ya yi daidai da su, wai ukun tare ake zaɓensu ba ɗaya bayan ɗaya ba. Maganarsa ta shige ni, amma na farkon ma da ya yi magana ta shige ni, shi ya sa na kasa yarda da kowa. Kuma ina tsoron 500 ɗin ya sake kasa ni a yashi.

Abin da ya fi ƙona min rai Inna ce. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ranar da na dawo mata da nonon da aka ƙi karɓa, ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Ɗana, ɗauka munka ce ka yi, kaɗawa mun iya da kanmu." Yau da safe da na je jarka ɗaya tak ta ba ni. Sauran na ga ta juye a ƙwarya, ta naɗa gammo ta ɗora a ka, ta kama hanyar titi a ƙafa, hanyar da ta daina bi saboda tsoro. Na bi ta a hankali ina roƙon ta kawo in ɗauka, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Don Allah masu sani, wane inji, wace kwantirola da wane batir za su ja kaya a yashi ba tare da fizga ba? In bi na Tsafe, ko in mayar da tsohon injina in ci gaba da turawa? Ku taimaka ku amsa yau, ba na so gobe ma tsohuwar nan ta taka hanyar nan saboda ni.