Tukunya mai jan murfi

Baban Auta,

An kira ni wurin aiki, ban tashe ka ba. Na yi miyar cukwin da Auta take ta roƙo. Sai da ta yi kauri na gane fulawa ce a gwangwanin garin masara, ka kuma san wanda ya juye ta ciki. Na sake wata. Tata tana ƙaramar tukunya, ga taliyar shinkafarta a gefe. Ta farkon tana mai jan murfin, taka ce, ko ludayinta kada ya shiga ta Auta.

Auta ta lashi cokalin miyar farkon kafin in ankara. Ka tuna yadda alkama ta kwantar da ita bara. In ta ce cikinta, kada ka ce mata zai wuce. Ka kira ni.

Maman Auta