Minti Goma na Shiru a Ajin Raudatu

Jambutu, Jimeta

Zuwa ga Hamma Lado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da aiki da ruwan saman Fatakwal da ba ya gajiya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a baƙon wuri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma kasuwa tana faɗa da masu kifi. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kuma maganar nan ba ta katsewa ba ce.

Ka ce bayan hutu za ka ɗauke Raudatu daga hannuna ka kai ta makarantar kwana a bayan gari, don hayaniyar Jambutu ce take lalata mata karatu: injin markaɗe, keke mai ƙafa uku, janaretan maƙwabta. Ita ma ta yarda da kai, 'yar babanta ce a taurin kai. Da malamar kimiyyarsu, Malama Keturah, ta ce kowa ya tsara gwaji nasa, sai ta zaɓi wanda zai gaskata ka. Ɗalibai ashirin, lissafi ashirin, minti goma. Za a yi sau ɗaya a ajin bakin titi da rediyo a kunne, sau ɗaya kuma a ɗakin gwaji na can baya, inda babu motsin komai. Ta sa kanta a cikin ashirin ɗin, ni kuma ta roƙe ni in riƙe agogo. Na bar ɗinkina ranar Asabar da safe na bi ta ina mita.

Na hayaniya ya wuce lafiya, ita ce ma ta zo ta biyu. Sai muka koma baya, aka rufe tagogi, aka kashe fanka. Hamma, gani ya kori ji. Wajen minti na uku, yara shida suka ajiye biro a lokaci guda, ba tare da wani ya kalli wani ba, ga shi kujerunsu ba ma kusa suke ba. Kowannensu ya sunkuyar da kai, ya kai hannu ya toshe bakinsa, ya tsaya cak. 'Yarka tana cikinsu. Idonta a buɗe, amma ba takarda take kallo ba, kuma kafaɗunta ba sa motsin numfashi. Sauran suna ta rubutu abinsu. Na manta da agogon da ke hannuna, sai da Malama Keturah ta buga tebur suka farka. Duk shidan suka rantse yanzun nan aka fara, suna ƙorafin an cuce su a lokaci.

Malamar ta ce a kimiyya sau ɗaya ba hujja ba ne, aka sake ranar Laraba da wasu tambayoyin. Su shidan nan dai, yadda suka yi ranar Asabar. Da yake ruwa ba ya tsami banza, ta ɗauko rajista ta duba garin haihuwa: Mubi biyu, Michika biyu, Uba, Madagali. Dukansu an shigo da su Yola a kafaɗa ko a goye shekarar da aka gudo daga 'yan bindiga, babu wanda ya wuce shekara huɗu a lokacin, babu kuma wanda ya ce yana tuna wani abu. Ita kanta malamar 'yar Michika ce. Ta rufe rajistar, ta ce mini a garinsu kaji ne suka fara yin shiru kafin a ji harbi.

Raudatu ta rubuta sakamakonta tsaf, yarinyar ba ta ha'inci: sha huɗu sun fi ƙoƙari a shiru, shida sun kasa. Amma wajen bayanin dalili ta bar shi fari. Jiya da la'asar muna tsinke zogale, wuta ta ɗauke, unguwa ta ɗan yi tsit, na ga hannunta ya kama hanyar baki. Na riƙe shi. Ta ce ba hannunta take ji a bakinta ba, na wani ne, mai ƙamshin lalle. Ta ce da fari yana da ɗumi. Sai ta dube ni ta ce, "Goggo, me ya sa yake yin sanyi, kuma bai sake ni ba?"

Tsoro nake ji har yanzu. Abin da na sani kawai, ka iso ƙofar nan daga Mubi da ƙafa a kumbure, yarinya 'yar shekara uku a kafaɗarka, ka ce uwarta Munirat ta rasu a gonar dawar da kuka ɓuya. Shekara goma sha ɗaya ban tambaye ka ba, don na ga nauyin da kake ɗauke da shi. Yanzu dole in yi magana. Kada ka kai yarinyar nan inda ake kashe fitila a ce kowa ya yi shiru, babu mai riƙe mata hannu. Bar ta a hayaniyarmu, a nan take numfashi. Kuma ka nemi hutu ka zo da kanka ka amsa mata, domin in hannun uwarta ne take ji, kai ne ka ɓamɓare yatsun daga bakinta, ba ni ba.

Inna tana gaishe ka, haka Bappa Bobboyi da mutanen Rumde. Ka gaida Rilwanu da iyalinsa. Raudatu ba ta san na rubuto ba. Allah ya jiƙan Munirat, ya kawo mana kai lafiya.

Ƙanwarka,
Zuhra